Yadda Na Daidaita Takalmi da Maɗaurin Telemak a Norwe

Daga watan Fabrairu zuwa bayan bikin Ista, mutanen Norwe kan bar hanyoyin da injin ya share su shiga tsaunuka a kan siki, wato dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya bisa dusar ƙanƙara. Aiki ne ya kawo ni ƙasar, kuma da abokan aiki suka fara gayyata ta irin wannan tafiya, sai na gane cewa kafin a zo maganar koyon juyi akwai matsalar da a shago ake warware ta: takalmi da maɗaurin da ke riƙe shi a kan allo dole su kasance 'yan tsari ɗaya. Salon da na zaɓa shi ne telemak, wanda Sondre Norheim na ƙauyen Morgedal a lardin Telemark ya shahara da shi, har ya nuna shi a gasar Christiania, Oslo ta yau, a 1868. A wannan salo bakin takalmi ake kamawa, diddige kuwa a sake yake, mai gangarowa yana russunawa a kan gwiwa ɗaya idan zai juya. Tun da nauyin haɗin duka a gaban ƙafa yake, bambancin 'yan milimitoci a wurin ya isa ya ɓata tafiya.

Abin da ma'aikacin shagon ya fara koya mini shi ne in bar kallon sunan takalmi, in kife shi in dubi tafinsa. Ya ɗauko takalma uku na kamfanin Alpina, dukkansu Alaska ake ce musu, ya jera su a kan tebur tafi a sama. Na farko yana da leɓe mai faɗin milimita 75 wanda ya zarce yatsu kamar bakin agwagwa, da 'yan ramuka uku a ƙarƙashinsa. Na biyu ba shi da leɓe, sai sandar ƙarfe a gicciye a bakinsa da kwarmi biyu da suka bi tsawon tafin, wanda shi ne tsarin NNN BC. Na uku na tsarin Xplore ne, da kamfanin Rottefella ya fito da shi a 2021, yana da 'yan ƙusoshi masu sifirin a gefe biyu na yatsu. Babu ɗaya cikinsu da zai shiga maɗaurin ɗan'uwansa. Ya kuma ja mini kunne cewa NNN na hanyar da aka share daban yake da NNN BC, domin sandar na biyun ta fi kauri da tsawo, ko da yake masu sayar da kayan hannu ba kullum suke bambance su ba.

Wurin da mutum zai je shi ke yanke hukunci tsakanin waɗannan tsare-tsare. Wanda zai ratsa shimfiɗaɗɗen tudun Hardangervidda daga wannan bukka ta DNT, ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norwe, zuwa waccan, yana bin rassan itace da ake kakkafawa a dusa don nuna hanya, tafiya ce a gabansa ba gangara ba, kuma NNN BC ya fi masa sauƙin taku. Ni kuwa ina son in yi tafiyar, in kuma gangaro da juyi idan na samu tudu mai laushin dusa, saboda haka na tsaya a kan tsohon tsarin milimita 75, da takalmin fata mai tauri da maɗauri mai ƙusoshi uku, irin wanda ake iya ƙara masa igiyar ƙarfe ta zagaye diddige a lokacin gangara, a cire ta a lokacin hawa.

A nan ne na ga cewa lambar 75 faɗi kawai take faɗa, ba ta cewa komai game da kauri. Leɓen takalmin yawo siriri ne, na takalmin gangara mai kauri ne, shi ya sa marfin ƙarfen da ke danne leɓen yake da matakai, kuma sai an gwada a ga ya kulle a matakin da ba ya barin takalmi ya yi wasa. Leɓen kuma a karkace yake, don haka maɗaurin dama daban, na hagu daban, akwai alama a jikin kowanne. Wajen sawa nakan buga takalmin da sanda har dusar da ta danƙare a tafin ta zube, in zura leɓen a hankali, in ɗan motsa ƙafa hagu da dama har in ji ƙusoshin uku sun faɗa ramukansu, sannan in danne marfin. Wanda ya danne kafin su faɗa, ƙusoshin za su huda wa kansu sababbin ramuka a robar, takalmi mai tsada ya lalace a lokacin sanyi guda. Idan an kawo mini takalmin hannu yanzu, ramukan nan nake fara dubawa kafin fata.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne, shigar takalmi cikin maɗauri ba ita ce dacewa ba. Takalmin fata mai laushi zai shiga maɗauri mai ƙaƙƙarfan sifirin da aka ɗaura a faffaɗan allo, amma da zarar an kai kan dusa mai tauri sai tafin ya murɗe, allon ya ƙi bin umarnin ƙafa. Takalmin roba mai tauri, irin wanda kamfanin Scarpa na Italiya ya fara fitarwa a 1992, shi kuma ƙarfinsa ya wuce siririn allon yawo, ga nauyi a doguwar tafiya. Na yi hayar kayan NTN, tsarin da Rottefella ya kawo a 2007, don in ji bambancin a wurin gangara mai na'urar ɗaukar mutane. A wannan tsari babu leɓe, maɗaurin yana kama bakin takalmi da wani tudu da ke ƙarƙashin tsakiyar tafin. Riƙonsa a gefen allo ya burge ni ƙwarai, sai dai yana da nasa sharuɗɗa: maɗaurin na Rottefella girma biyu ne, ƙarami da babba, gwargwadon lambar takalmi, wasu kuma irin su Meidjo na Faransa da Lynx na Amurka ba sa karɓar takalmi sai mai 'yan ramukan ƙarfe a gefen yatsu. Akwai kuma takalman hawan tsauni masu kama da na NTN a ido, amma ba su da gaɓar da ke lanƙwashewa a kan yatsu, alhali da ita ake russunawa. A ganina, mai yawo tsakanin bukkoki da jaka a baya ba ya bukatar wannan nauyi da tsada.

Game da jerin saye, takalmi na fara saya, domin ƙafa ba ta canzawa, maɗauri kuwa ana samun nau'insa da yawa a kowane tsari. Na gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar ulu da zan tafi da ita, na russuna a kan dardumar shagon don in tabbatar lanƙwasar ba ta danne mini yatsu, diddige kuma ba ya ɗagawa a ciki. Daga nan na zaɓi maɗauri, allo ya zo ƙarshe, na kai wa mai ɗaurawa duka ukun tare, saboda da takalmin yake auna inda zai huda allon, kuma huda na biyu kusa da na farko yana raunana katakon. A jakata kullum akwai sukurai na maɗauri, da abin ɗaure su, da igiyar ƙarfe ta ko-ta-kwana, domin a kan tudun akwai tazarar sa'o'i tsakanin bukka da bukka.