Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyar yaranmu Dutsen Kufena

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun je Kufena ranar Asabar mun dawo lafiya, kowane yaro ya kwana a ɗakin uwarsa. A madadin malaman Islamiyyarmu da ke Tudun Wadan Zariya nake miƙa wannan godiya.

Iyaye su ne na farko. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uwa za a kai ɗanta hawan dutse ta ce a je. Wasu sun yi ta kiran waya tun ba mu wuce Wusasa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Iyayenmu mata da suka tashi tun asuba suka yi dambu da zoɓo, da direbobin da suka karɓi kuɗin mai kawai, Allah ya saka muku da alheri.

Amma wanda ya ɗauki nauyin ranar a kansa shi ne wani dattijo, tsohon maharbi, da mai unguwar gindin dutsen ya haɗa mu da shi. Baba bai bar mu mun fara hawa ba sai da ya zaunar da yaran ya kafa musu sharaɗi: ba jifa, ba sa hannu a rami, ba ihu. Ya ce akwai ƙudan zuma a tsagin duwatsun, kuma maciji na son inuwar da ɗan Adam ke so. Yaran da ba ma iya sa su yin shiru a aji sai ga su tsit, suna bin sawunsa.

Shirun ya yi rana. Mun ji kukan kazar duwatsu kafin mu gan su suna gudu a jere, jela a ɗage. Baba ya nuna wani farin zane da ya gangaro a jikin dutse ya ce fitsarin agwada ne, inda duk kuka ga haka gidansu na kusa. Muka lafe, can sai ga su sun fito shan hantsi. Wata yarinya ta ce ai gafiya ce marar wutsiya. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ya rako mu ya ce mata a'a, a wajen masana agwada ta fi kusa da giwa fiye da ɓera. Baba ya yi dariya ya ce wannan kuma sai 'yan boko, shi dai ya san tafin ƙafarta kama dutse yake yi, ba ta zamewa. Har muka sauko yaran na gardama a kan maganar giwar nan.

Shi ma ɗalibin muna gode masa. Ya bayyana musu yadda zafin rana da sanyin dare da ruwan sama ke sa dutsen ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa, ya nuna musu baure da ya tura saiwa cikin tsagi, da 'ya'yan kwaɗi a ɗan ruwan da damina ta bari a kwarmi. Malamin tarihinmu ya ɗora da nasa: cewa an zauna a Kufena tun kafin birnin Zariya ya kafu a inda yake, kuma tarihin baka ya ce daga Turunku sarautar Zazzau ta taso zuwa nan, a zamanin Bakwa Turunku da ake danganta Sarauniya Amina da ita. A ganina abin kunya ne yaro ya girma yana hango wannan dutse kullum, ya san sunan Amina a littafi, amma bai taɓa taka wurin ba.

Daga sama mun hango Samaru da dogon ginin jami'a, da rimayen cikin birni, ga gonakin dawa sun nuna. Wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi ya gifta, nan take aka manta da agwada.

Yaro guda ya zame a gangara ya kuje gwiwa. Ma'aikaciyar jinyar da ta bar hutunta ta biyo mu ta wanke ta ɗaure, jiya ma ta je gidansu ta duba shi. Anti, Allah ya biya ki. Haka 'yar Fulanin da ta ga yara sun galabaita ta ƙara mana nono ba tare da ta karɓi ko kwabo ba, ko sunanta ba mu samu tambaya ba.

Baba ya ƙi karɓar abin da muka haɗa masa, ya ce a sai wa yaran alli. Mun bar abin a hannun mai unguwa ya san yadda zai yi da shi.

Akwai hula biyu da gorar ruwa da takalmi wari ɗaya da aka bari a mota. Mai su ya zo ofishin makaranta bayan La'asar.