Badona ya shiga barci: mako na 14

'Yan'uwa masu rainon tsirran ruwa, ga inda aka kwana. Badon da na ɗebo daga wani kududdufi a fadamar Rima, na dasa cikin rabin duro a bayan ɗaki, ya daina fitar da sabon ganye tun da ruwa ya fara ja baya. Tsofaffin ma sun yi ɗorawa. Bara a daidai wannan gaɓa na kifar da duron, laka da komai, a zatona ya mutu. Har yau abin yana ci mini rai.

Bana sai na naɗe hannun riga na laluba cikin taɓo. Na ci karo da dunƙule uku masu tauri, babban bai kai ƙwan zabuwa ba. Na wanke ƙaramin na tsaga shi da reza: bayansa baƙi, cikinsa fari. Da na ɗiga masa aidin, irin na wanke ciwo, nan take wurin ya rine ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Sitaci ke nan. Ashe rumbu bado ya gina a ƙarƙashin laka, kuma ganyen da nake gani yana ɗorawa abincinsa ake kwashewa ana kaiwa can. Shi ya sa tafki zai bushe ƙurmus da rani, ƙasa ta tsattsage, amma damina na sauka ka ga bado ya rufe ruwa.

Don Allah kada ku tsinke ganyen da ya fara ɗorawa don duro ya yi kyan gani. Ku bar shi ya ruɓe da kansa.

Mu nan Sakkwato fari tsiro ke gudu, a Turai kuwa ƙanƙara. Akwai wata 'yar mitsitsiyar ciyawa mai yawo a saman ruwa, Spirodela, wadda idan sanyi ya gabato sai ta yi toho na musamman, ta cika shi da sitaci har ya fi ruwa nauyi. Tohon ya nutse ƙasan tafki, inda ruwa ba ya daskarewa, ya kwanta. Idan ɗumi ya dawo, ɗan kumfan iska ya ɗago shi sama ya tsira. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai.

Sauran dunƙulen badon biyu na mayar da su. Ɗaya yana cikin duro da ruwa kamu ɗaya, ɗayan a tsohuwar tukunya, zan bar lakarsa ta bushe a inuwa har ruwan farko. Ina so in ga wanda zai riga fitar da ganye.