Zafin Kano na bin bulo da kwano zuwa ƙananan garuruwa

A watan Afrilu, idan rana ta take, zafin Kano da na ƙauyukan da ke kewaye da ita kusan ɗaya ne, duk ana haura digiri 40. Bambancin sai dare ya yi. Da ƙarfe goma na dare iska ta fara sanyi a gonakin Kura, amma a Kurna ko Fagge taɓa bangon ɗaki ka ji, kamar an sauke tukunya daga murhu. Kwalta tana shanye kusan kashi 90 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kanta, siminti ma yana shan nasa, sai su kwana suna fitar da shi. Gidaje sun cushe, iskar da za ta kwashe zafin ba ta da hanya. Ga janareta, ga na'urar sanyaya ɗaki da ke turo zafi waje kan maƙwabta.

Da can birnin yana da abin da ke rage masa wannan. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna riƙe ruwa, ruwan yana tashi yana sanyaya unguwa. An cike da yawa an yi shaguna a kai. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara kan jinkirta zafin rana sa'o'i da dama kafin ya shiga ɗaki. Bulo mai inci shida ba ya iya wannan, kwano kuwa da tsakar rana yakan wuce digiri 60.

Abin damuwar shi ne Wudil, Bichi, Gezawa da Dawakin Kudu suna girma a kan wannan salon. A yanka gona da awon igiya, a bar lungu wanda mota ɗaya ke ratsawa da ƙyar, a sare ɗorawa da tsamiyar da aka tarar, mai fuloti ya gine shi kaf, ragowar tsakar gidan ya shafe da intalok.

Mai gini yanzu yana da damar kauce wa hakan ba da kuɗi mai yawa ba. Dogayen bangaye su kalli arewa da kudu, domin bangon yamma ne ke shan ranar la'asar. Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bangaye daban, taga ɗaya ba ta jan iska. Tsakanin kwano da silin a bar tazara, a kuma buɗe ƙananan kafofi masu raga a ƙarƙashin rufin, in ba haka ba zafin da ya taru a can silin zai sauko da shi cikin dare.

Farin rufi yana aiki. Birnin Ahmedabad na Indiya ya sa shi cikin shirinsa na yaƙi da zafi, kuma farin rufin yakan rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A kan rufin siminti farar ƙasa shafi biyu ta isa, amma damina tana wanke ta, ƙurar hunturu tana dusashe ta, don haka a sabunta a watan Fabrairu. A kan kwano ba ta kamawa. Sai an kankare tsatsa an sa fentin rufi.

A dasa darbejiya a yamma da gida don ta tare ranar la'asar, mita biyar daga tushen gini da ramin masai, saboda saiwarta tana fasa su.