Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙuduji a Gonar Baffa

Makon jiya na tsaya a inda na dawo Ringim da digiri na biyu. Kafin in ci gaba sai na yi maganar Baffa, domin shi ya hana ni barci a makon nan.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Maganarsa ke nan, kuma ni yake jifa da ita tun ranar da ya ji cewa aikina koya wa kwamfuta gani ne. A wurinsa ƙarfe yana iya awo, amma sanin kima sai ɗan Adam. Yaya Babba kuwa ko kara ba ya yi mini. A gaban surukaina, ranar sunan 'yata, ya ce wai mai ɗaukar hoto aka kashe wa kuɗin shanu. Na yafe, amma ban manta ba.

Ku sani, lokacin da nake Jami'ar Bayero abin bai kai haka ba. Sai a 2012 ɗaliban Geoffrey Hinton, wani farfesa a Jami'ar Toronto, suka shiga gasar ImageNet, inda ake ba na'ura hotuna fiye da miliyan ɗaya ta koyi rarrabe su gida dubu. Kuskurensu ya tsaya wajen kashi 15 cikin ɗari, na biye da su yana kan 26. Daga nan kowa ya koma wannan hanya: ka tara hotuna, mutum ya sa wa kowanne suna, na'ura ta yi ta bita har ta gane da kanta. To a cikin gidajen nan dubu akwai jinsin karnuka sama da ɗari. Da na nuna wa irin wannan na'ura maiwa da gero, ba ta san akwai bambanci ba. Wannan ya ƙona mini rai.

Shi ya sa na shiga gonar Baffa da damina. Ƙuduji nake bi. Mugun abu ne: yana kama saiwar dawa tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin furensa ya fito ya riga ya shanye ta, irinsa kuma yana iya kwanciya fiye da shekara 10 yana jira. Na ɗaura wa ƙaramin jirgi mara matuƙi kyamarar da ke ɗaukar hasken da ido ba ya gani, domin lafiyayyen ganye ya fi mayar da shi. Amma wa zai gaya wa na'urar wace dawa ce ta kamu? Baffa. Yana tafe da hauyarsa a kafaɗa, ya murza ganye tsakanin yatsu biyu, ya ce, "Ɗana, rubuta, wannan ta kamu." In tona, in tarar da fararen tsiron manne da saiwa. Yana gani sai ya maimaita mini karin maganar nan tasa, yana murmushi.

Shekarun da na yi a waje bayan haka ba ni da abin faɗa a kansu. Sanyi ne da aiki. Ina can Baffa ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Sunansa na sa a shafin farko na kundin digirina na uku, kuma na aika wa Yaya kwafi, har yau bai ce mini ya gani ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai labarin tsuntsayen jan-baki a kwarin Haɗeja.