Asabar: neman wa Hafsa ajin kare kai

Tun daren jiya na nema wa Hafsa izini a Islamiyya, don ranar Asabar da safe ce kaɗai ake samun masu koyar da wasannin kare kai duk a bakin aiki. Muna gama karin kumallo muka tari adaidaita sahu. Ita tana ta zumuɗi, ni kuwa zuciyata na kan abin da ya faru kafin Sallah, ranar da wani saurayi ya riƙe mata hannu a lungun bayan gidanmu tana dawowa daga karatu. Bai yi mata komai ba, mai shagon kusurwa ya daka masa tsawa ya arce. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda ta ba ni labarin: "Umma, na so in yi ihu amma muryata ta ƙi fita." Yarinya 'yar shekara 11, mai surutun da ke cika gida, ta daskare a tsaye. Maganin wannan daskarewar na fita nema yau.

Abbanta da na fara kawo masa maganar dariya ya yi, ya ce dambe zan kai masa 'ya? Na ce dambe da kokawa namu ne, amma fagen maza ne. Dambe asali na mahauta ne, hannu ɗaya naɗe da zare, ana neman kai mutum ƙasa. Babu wanda zai buɗe wa yarinya aji a can. Don haka sai na baƙi: karate da judo na Japan, taekwondo na Koriya.

Wurin da muka fara zuwa ajin karate ne, a wani ɗakin motsa jiki a saman bene, ga madubai ga na'urar sanyaya ɗaki. Mai koyarwar matashi ne, bakinsa kuwa zuma. Kafin in zauna ya yi min alkawarin baƙin bel, wato ɗamarar da ake ba ƙwararru, cikin shekara guda. Sai ya kira wani yaro, ya ba shi wuƙar roba, ya nuna mana yadda ake murɗe hannu a ƙwace ta. Idon Hafsa har ƙyalli yake yi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. A Kanon nan da masu ƙwacen waya ke yawo da ɗanbida, a sa wa yarinya a ka cewa za ta iya karɓe wuƙa daga hannun ƙato? Da na tambaya ko iyaye na iya zama su kalla, ya ce a'a, wai yara ba sa maida hankali, ana rufe ƙofa sai an tashi. Na gode masa, na ja hannun 'yata. Karate ba ta da laifi a nan, na ga yaran da suka koye ta da kyau. Ƙofar da ake rufewa ce ba zan yarda da ita ba, ko da littafin addini ake karantarwa a ciki.

Daga nan sai zauren judo, tsohon gini mai rufin kwano, zafi tun hantsi. Mai koyarwar dattijo ne, furfura ta cika masa gemu, kuma bai taso ya tarye mu ba sai da ya gama da yaran. Wannan ya burge ni. Mun daɗe a tsaye ban ga an kayar da kowa ba. Faɗuwa kawai suke koyo. Yaro ya tsuguna, ya manna haɓa a ƙirji, ya tafi da baya, ya doki katifa da tafin hannu, fam! Ya tashi ya sake. Dattijon ya ce min sabon shiga zai yi makonni yana wannan kafin a bar shi ya kama rigar wani, domin wanda ya iya faɗuwa ba ya fasa kai kuma ba ya karya hannu. Ya ce tun 1882 da Jigoro Kano ya kafa judo a Tokyo, hikimar ita ce mai ƙaramin ƙarfi ya yi amfani da nauyin babba ya kifar da shi.

Gaskiya a raina judo ta fi kama da abin da ke faruwa a lungu. Mai neman cutar da yarinya ba ya tsayawa nesa ya jira shuri. Kama ta yake yi, a hannu, ko a hijabi, ko ya ja jakar. Yaran nan kuwa kullum cikin kamu da ƙwacewa suke, jikinsu ya saba, ba za su firgita don an riƙe su ba. Amma na duba zauren, mata biyu ne kawai, kuma da samari ake haɗa su, ƙirji da ƙirji, wani lokaci har a kwance a katifa. Hafsa ta fara girma. Na san abin da Abbanta zai ce, kuma ni ma da na tambayi zuciyata amsar ɗaya ce. Na faɗa wa dattijon ba ɓoye-ɓoye. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Hajiya, ki tara min 'yan mata, ina da ɗaliba da ta kai ta koyar, sai in ware musu rana." Na karɓi lambarsa. Wannan magana ba ta mutu ba, zan kai ta rukunin iyayen ajinsu Hafsa.

Sai da rana ta take muka isa ajin taekwondo ɗin da wata abokiyar aikina ta kwatanta min. Tun daga waje muke jin ihu. Muna leƙawa sai ga 'yan mata jere cikin fararen kaya, yawancinsu da ɗan ƙaramin hijabi mai roba wanda ba ya buƙatar fil, iyaye mata kuma zaune a benci suna fifita. Mace ce ke koyarwa, yaran na ce mata Koci. Ba ta kai ni tsawo ba.

A bango akwai hotunan 'yan taekwondo da suka je gasar Olympics, Hafsa ta tsaya karantawa. Ga Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya lambar tagulla a Beijing a 2008. Ga Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar da azurfarsa ta Rio a 2016. Ga Elizabeth Anyanacho da ta wakilci Najeriya a Tokyo da Paris. Amma inda ta kafe shi ne hoton Hedaya Malak ta Masar, da hijabinta a ƙarƙashin hular kariya, wadda ta ci tagulla a Rio ta sake ci a Tokyo. "Umma, kin ga, da hijabi take yi." Na ce na gani.

Da aka ba yara hutun shan ruwa na tare Koci da tambayar da ke cina. Na ce shurin nan da suke kaiwa sama har kai, zai yi wa yarinya amfani a lungu? Ta ce a'a, ko kaɗan ba ta yi kwana-kwana ba. Wannan na gasa ne: shuri a kai maki 3, a jiki maki 2, naushi a ƙirji maki 1, naushin fuska kuma an hana. Yana ba su ƙarfin ƙafa da numfashi da saurin motsi, kuma suna saba wa a kawo musu hari ba su rufe ido ba. Amma duk wanda ya ce min 'yar shekara 11 za ta doke namiji baligi, kuɗina yake so. Ta ce in jira ƙarshen aji.

Ƙarshen ajin kuwa shi ne abin da na fito nema. Ta haɗa su biyu-biyu, ɗaya ta riƙe wuyan hannun ɗaya. Ta nuna musu cewa riƙo yana da rauni a wajen babban yatsa, ta nan ake murza hannu a fizge, ba a ja da baya ana kokawa da yatsu huɗu. Ana fizgewa sai ihu, sai gudu, kuma gudun wajen mutane ake yi, shago ko masallaci ko bakin titi, ba gida ba in lungun gidan babu kowa. Ihun ma da kalmomi: "Sake ni! Ban san ka ba!" don kada masu wucewa su ɗauka yaya ne ke tsawata wa ƙanwarsa. In waya ko jaka ake so, a jefar a gudu. Sannan ta zaunar da su ta ce musu mai cutarwa sau da yawa ba baƙo ba ne, yana iya zama maƙwabci ko ɗan uwa ko malami, kuma duk wanda ya ce "kada ki faɗa wa mamanki", a ranar za a faɗa.

Ta kira Hafsa ta gwada. Ta riƙe mata hannu da gaske, har na ga fatar ta yi fari. Hafsa ta murza, hannun ya fita, amma ihun da ta yi kamar kukan ɗan tsako. Yara suka yi dariya. Koci ba ta yi ba. Ta dafa mata ciki ta ce daga nan murya ke fitowa, ba daga maƙogwaro ba, ta sake riƙe ta. Suka yi ta maimaitawa. Can sai 'yata ta ƙwalla "Sake ni!" har wata mata a benci ta zabura ta dafe ƙirji. Hafsa da kanta ta tsaya tana mamaki.

Sauran tambayoyina na iyaye ne, ta amsa su ba gajiya. Akwai ɗakin canza kaya na mata. Ba a barin yarinya ita kaɗai da babba. Ba a sa sabuwar shiga karawa sai ta yi watanni, kuma sai da hula da rigar kariya. Akwatin magani na gani da idona a kusurwa. Da azumi ana sassauta horo. Ana tashi kafin magariba. Kuɗin wata bai kai na wurin madubai ba, sai dai kayan sawa da na kariya ne za su ɗan taɓa aljihu, ta ce a fara da wando mai faɗi da riga doguwa har a ga ko yarinya za ta ɗore.

Da daddare Abbanta ya saurara har ƙarshe, ya ce Hafsa ta riƙe masa hannu ta nuna masa, daga baya shi ya riƙe nata ta ƙwace. Ya ce a yi rajista, amma shi zai kai ta ranar farko ya ga wurin da kansa. Hajiya, kakar Hafsa, ce dai ba ta sauko ba. "Mace da shure-shure? Wa zai auri mai dukan miji?" Na ce, "Hajiya, gudu da ihu ake koya mata." Ta ce gudu ai ba sai an biya kuɗi ba. Na yi shiru, gobe Abban zai shiga wurinta, ya fi ni sanin hanyarta.

Matsalar da ta rage ta lokaci ce. Ajin Alhamis da yamma ya dace, tunda babu Islamiyya Alhamis da Juma'a, amma na Asabar da safe ya ci karo da hadda. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin malaminsu in ji ko zai yarda ta riƙa ba da haddar Asabar ranar Lahadi.