Sana'ar Sauraro: Yadda Muka Fara a Mabera

Ban taɓa zama na tsara wannan sana'a ta ba da shawara ba. Ina koyar da matan aure fiƙihu a wata Islamiyya a unguwar Mabera ta Sakkwato, bayan La'asar. Kullum aka tashi, sai in lura da mace ɗaya ko biyu suna naɗe tabarma a hankali, suna jira kowa ya watse. Daga nan ta matso ta ce, "Malama, ina da magana." Da tambayar hukunci ake farawa, idda ko haƙƙin ciyarwa, amma kafin in gama amsawa hawaye sun zubo. Abin da ya kawo ta ba hukuncin ba ne, ta san shi. Kunnen da ba zai kai magana gidan suna ba take nema.

A Birnin Shehu wannan ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa malamai mata da ake kira jajoji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, suna kuma komowa da tambayoyinsu. Da tarihin wannan tsari nata na 'Yan Taru aka raine mu, shi ya sa na ɗauka ilimin da nake da shi ya wadatar.

Wata amarya ce ta nuna mini iyakata. Ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba ta daina barci, ta ƙi shayar da jaririn, tana cewa ba nata ba ne. Uwar mijinta ta kawo ta, ta ce, "Malama, wagga yarinya sammu anka yi mata." Ni ma na karkata can. Na yi mata tofi, na ba su azkar, muka yi makonni muna haka, yarinya kullum tana ƙara lalacewa. Sai da wani kawunta ma'aikacin jinya ya dage aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Likitoci suka ce larura ce da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma tana da magani. Bayan wata biyu ta shigo mini da goyonta a baya. Na yi murna, amma makonnin da na ɓata mata har yau suna ci mini rai. Dalilinta na koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na karanci ba da shawara da jagoranci.

Addu'a ba mu bar ta ba, da ita muke buɗe kowane zama. Sai dai yanzu na san alamun da ke cewa wannan ya wuce hurumina: mai jin muryoyi, mai kwana da kwanaki ba barci, mai zancen kashe kansa. Irin waɗannan a ranar muke haɗa su da likita. Wahalar ita ce sunan Kware kaɗai yana firgita iyali, don gudun a ce ɗiyarsu ta haukace ta rasa miji. A nan addini ke yi mana aiki. Na kan ce, "Inna, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai ya saukar da maganinta." Da haka wadda ta ƙi jin likita take yarda ta shiga mota.

Da mutane suka yi yawa, na kama hayar ɗaki biyu da ƙofar baya, don mace ta shigo ta fita ba a gan ta bakin titi ba. Na nemi wani dattijon malami ya riƙa zama da maza, domin rikicin aure ba ya warwaruwa da jin ɓangare guda. Idan abu ya yi tsanani muna bin aya ta 35 a Suratun Nisa'i, a kira mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Ba kowane aure muke ɗinkewa ba. Inda ake duka, tsaron lafiyarta muke sa gaba, ba na ce wa kowa ta koma ta yi haƙuri.

Batun kuɗi ne ya fi ba ni wuya. Ranar da na fara sa kuɗin zama, wata Hajiya ta dube ni ta ce, "Ashe nasiha ma saida ta akai yanzu?" Maganar ta soke ni. Na bayyana mata cewa nasiha kyauta ce, abin da ake biya shi ne haya, da albashin ma'aikata, da man janareto, don a zafin Afrilu na Sakkwato ba wanda zai iya awa guda a rufaffen ɗaki ba fanka. Yau mai hali yana biya. Wasu 'yan kasuwa suna ajiye sadaka da muke ɗaukar nauyin zawarawa da marayu da ita. Abin da ya fi riƙe mu shi ne darasin shirin aure, inda muke kuma matsa wa masu niyya su yi gwajin jini saboda sikila, sai makarantun kuɗi da muke zuwa muna zama da ɗalibansu.

Zamani ma ya canza masu ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wajen 2018, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, iyaye mata suka fara kawo samari, har da 'yan mata, da shaye-shaye ya kama. Bayansu sai matan da 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah. A wurinsu ba ma karɓar ko sisi. Wata takan zauna zama uku ba ta ce uffan ba, mu kuma ba ma gaggauta ta. A farkon 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ƙara mana hujja idan muka tarar an ɗaure mara lafiya da mari a gida.

Fayilolinmu lamba suke ɗauke da ita, ba suna, makullin durowar kuma yana hannuna. Na taɓa sallamar ma'aikaciya mai ƙwazo saboda kalma ɗaya da ta furta a gidan biki. Yanzu haka muna neman mace mai jin Fulatanci, domin matan ruga suna zuwa kuma ba na son tafinta ya zama na uku a ɗakin. Mun gana da mutum biyu a watan jiya, za mu ga ta uku ranar Litinin.