Daga Duram zuwa bayan Ashbil, koyon aiki a ɗakin marasa lafiya

Da makaranta ta ce an tura ni wani ƙaramin asibiti can cikin duwatsun yammacin Arewacin Karolina in yi aikin koyo a sashen cututtukan manya, tun asuba na loda kaya a but na hau titin I-40. Duram ɗin da na baro nan ne aka fara karatun mataimakin likita a Amurka, a jami'ar Duke a 1965, Dokta Eugene Stead ya fara da tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, ga mu yau mu ma muna bin sawunsu.

Hanya shimfiɗe take har Girinsboro da Winston-Salem garin taba, amma da ka wuce Old Fort sai hawa ya fara, manyan motoci na ta nishi a layin dama, kunnena ya toshe, hazo ya rufe ko'ina. Bayan Ashbil na sauka kan wata siririyar hanya mai kwana-kwana, babu sabis a waya, gidaje jefi-jefi.

Aikin kuwa wallahi ba wasa. Kafin gari ya waye ka duba sakamakon jini, ka tambayi nas yadda mara lafiya ya kwana, ka sa abin sauraro a ƙirjinsa, sannan lokacin zagaye ka tsaya gaban likita ka faɗi komai da bakinka, me ya kawo shi, me ka gani, me kake ganin za a yi. Yawancinsu dattawa ne, ga suga ga hawan jini ga huhun da sigari ya cinye, duk a jikin mutum ɗaya.

Akwai wani dattijo da zuciyarsa ta gaza, ƙafafu sun kumbura suntum, na danna yatsa a ƙwaurinsa ramin ya ƙi cikowa, ba ya iya kwanciya sai ya jingina da filo uku, a ƙasan huhu kuma kana jin ruwa na ƙaraf-ƙaraf. Aka sa masa Lasix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, ta jijiya, kullum da safe mu ɗora shi a sikeli, mu auna fitsari, mu duba aikin ƙoda da sinadarin fotasiyam na cikin jini don maganin na zubar da fotasiyam ɗin tare da ruwan.

Ranar sallama na ce, Dokta, ya dawo nan da mako ɗaya ko? Ta ce e, amma tambaye shi wa zai kawo shi. Ashe gidansa na bayan wancan tsaunin, ba ya tuƙi yanzu, 'yarsa kuma sai Asabar take samun hutu. Abin ya tsaya min a rai gaskiya. Muka zauna da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a aka samo masa nas mai zuwa gida, aka ba shi sikeli, na rubuta masa da manyan baƙaƙe: in nauyi ya ƙaru da fam 3 a kwana ɗaya ko fam 5 a mako, ya bugo waya kar ya jira Asabar.